Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Kalmomi Masu Rubutu Ɗaya a Harsunan da Ba Su Haɗa Dangi Ba



Kwanakin baya wani ɗan uwa cikin masu bibiyar wannan shafi ya turo mana wani hoto da ke ta yawo a WhatsApp. An jera kalmomin Japananci a gefe guda, na Hausa a ɗaya gefen: kasa, kusa, kura, kuma, ido, sake, mata. Rubutun iri ɗaya ne sak, ko harafi ɗaya bai bambanta ba. Can ƙasa kuma aka rubuta da manyan baƙaƙe wai wannan hujja ce da ke nuna Japanawa asalinsu Hausawa ne da suka yi ƙaura. Shi ne ya ce, "Malam, don Allah gaskiya ne ko shaci-faɗi ne?"

To, kalmomin dai ba ƙirƙirar su aka yi ba, duk akwai su a Japananci. Sai dai wanda ya haɗa hoton ya ɓoye abu ɗaya, wato ma'anarsu. "Kasa" a can lema ce, irin ta ruwan sama. "Kusa" ciyawa ce. "Kura" ɗakin ajiya ne ko rumbu, akwai kuma wata "kura" da ke nufin sirdin doki. "Kuma" wata ƙatuwar dabbar daji ce mai gashi wadda ba mu da ita a nan, ita ce Larabawa ke ce wa dubbu. "Ido" rijiya ce. "Sake" kuwa giyar shinkafa ce. Kun ga babu ko ɗaya da ta faɗo kan ma'anarmu.

Na bar "mata" a baya da gangan, don ita ce ta fi kowace yawo a duniya. Mu kanmu a Hausa muna da ita har uku: mata jam'in mace, mata ta aure, da "mata" ta cikin "na saya mata zane". A Japananci "mata" na nufin a sake, ko har wa yau. A Indonesiya da Malesiya "mata" ido ne. A Indiya uwa ce. A Sifaniyanci, idan aka ce "mata" ana nufin yana kashewa. A Larabci kuwa, in aka rubuta "māta" da boko, ma'anarta ya mutu. Harsuna shida ke nan har da namu, kowa da inda ya samo tasa. Ta Indiya, alal misali, danginta na gaskiya su ne "mater" ta Latin da "mother" ta Turanci, ba matanmu ba.

Akwai wata shahararriyar 'yar rawa 'yar ƙasar Holan, Margaretha Zelle, wadda Faransa ta harbe a 1917 bisa zargin leƙen asiri. Duniya ta fi sanin ta da Mata Hari. Bahaushe na ganin sunan nan sai ya ce lallai kam, ai an kai mata hari. Alhali ta zauna a tsibirin Java ne, ta ɗauko sunan daga kalmar "matahari" ta mutanen can, wato idon yini, abin da mu muke ce wa rana. Ita kuma "rana" ɗin tamu, in ka kai ta Italiya ko Sifaniya, kwaɗo ce.

Me ke kawo wannan? Ba wani abin ɓoye ba ne, lissafi ne. Bakin ɗan Adam iri ɗaya ne ko'ina, sautukan da yake iya fitarwa kuma suna da iyaka. Hausa da Japananci sun yi dacen tsarin gaɓa mai kama da juna: baƙi ya zo, wasali ya bi shi, ka-sa, ku-ra, ma-ta. Dukansu wasula biyar ne, a, e, i, o, u, dukansu kuma suna bambanta dogon wasali da gajere. Yanzu mu ƙaddara akwai baƙaƙe 15 da harsunan biyu suka yi tarayya a kai. Idan ka haɗa su da wasula 5 ka samu gaɓoɓi 75. Kalma mai gaɓa biyu kuma, 75 sau 75 ke nan, wato 5,625. Iyakar gurbin da ake da shi ke nan. To kowane ɗaya cikin harsunan nan yana da dubban kalmomi masu gaɓa biyu da zai zuba a waɗannan gurabe. Ku ɗauki ƙamus ɗin Bargery na 1934 ku ga kaurinsa. Kamar a ce motoci biyu ne suka sauke fasinja a ƙaramar tasha mai 'yan bencina kaɗan, dole wani ya zauna kusa da wanda bai taɓa gani ba. Abin da zai zama abin mamaki shi ne a ce an duba ba a samu ko ɗaya da ta yi daidai ba.

Shi ya sa har sunaye ma abin bai bari ba. Wanda ya kafa wasan judo a 1882 sunansa Jigoro Kano, kuma bai haɗa komai da Dala ko Gwauron Dutse ba. Birnin Tokyo kansa, kafin a canja masa suna a 1868, Edo ake ce masa, kamar dai jihar Edo ta Najeriya. Duk arashi ne. Af, ita ma "arashi" ɗin akwai ta a Japananci, guguwa ce mai ruwa da iska.

Abu na biyu da ya kamata mu lura da shi: wannan "rubutu iri ɗaya" da muke ta magana a kai, rubutun wa? Japanawa ba da haruffan boko suke rubuta harshensu ba, suna da nasu. Hanyar da aka fi bi wajen mayar da Japananci cikin haruffan Turawa tana ɗauke da sunan wani likita ɗan mishan Ba'amurke, James Hepburn, wanda ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1867. Mu ma namu bokon ba shi da daɗewa sosai. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, shi ya tsara ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, baƙaƙe masu ƙugiya kuma sai a shekarun 1930 suka zauna. Ke nan harsuna biyu ne aka sa wa riga iri ɗaya daga baya. Ka rubuta "kura" da ajami, Bajapane ya rubuta tasa da nasa rubutun, ka ajiye su gefe da gefe, babu mai cewa sun yi kama.

Kuma rigar nan ta boko tana rufe abubuwa da yawa. Ba ta nuna karin sauti, ba ta nuna tsayin wasali. Gari na zama da gari na tuwo ba furuci ɗaya ba ne a bakinmu, amma a takarda ɗaya ne. Ga kuma masu kasalar sa ƙugiya, waɗanda ke mayar da ƙasa ta koma kasa, ƙura ta koma kura. Duk lokacin da aka yar da ƙugiya, an ƙara wa masu haɗa irin wancan hoto kayan aiki.

Mu dawo kan Turanci, don shi ne muke cin karo da shi kullum. Ku duba waɗannan: wake, rake, fate, face, rage, dare, share, take, sake, dole, wane, mace. Kowace ɗaya cikakkiyar kalmar Hausa ce, kuma cikakkiyar kalmar Turanci ce. Waken da muke dafawa, a Turanci farkawa ne daga barci. Raken da muke sha, a can manjagara ce. Faten tsaki ya zama ƙaddara. "Face" tamu ta togiya, ta cikin "babu kowa face shi", a can fuska ce. "Rage" a can tsananin fushi ne, "dare" kuma yin ƙuru. Ita kanta "wane" ta cikin karin maganar da muka sa a take, a Turanci raguwa ce, irin ta farin wata idan ya fara ƙanƙancewa.

In kun lura, duk da "e" suka ƙare. Dalili shi ne kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, shi kuma Turanci yana da tarin kalmomi masu "e" a ƙarshe wadda ba a furta ta. Bature ba ya cewa wa-ke, "weik" yake cewa. Ba ya cewa fa-ce, "feis" yake cewa. A kunne babu kama ko kaɗan, a ido ne kawai. Wani abin sha'awa, sama da shekaru 600 da suka wuce Ingilishi suna furta wannan wasali na ƙarshe, kuma "a" ɗinsu ta fi kusa da tamu. Daga baya furucin ya yi ta sauyawa, shi kuwa rubutun ya tsaya inda yake, musamman bayan William Caxton ya kawo injin ɗab'i Ingila a 1476. Wato tsohon rubutun da Turawa suka ƙi gyarawa ne ya zo ya yi karo da sabon bokonmu.

Wani zai ce to wannan ai abin dariya ne kawai, ina ruwan mai koyon ƙa'idar rubutu da shi? Da ruwansa. Idan na rubuta muku "ku share wannan darasi", me na ce ku yi? Wanda ya karanta da idon Turanci zai tura wa abokansa. Wanda ya karanta da idon Hausa zai yi banza da shi, ko ma ya goge. Umarni biyu masu karo da juna a jimla ɗaya. Kullum ana rubuta irin wannan a Facebook, har da sanarwar cigiya da ta neman taimakon marar lafiya, inda kuskuren fahimta ba wasa ba ne. Shawararmu, in da Hausa kake rubutu ka ce "ku yaɗa" ko "ku tura wa wasu", magana ta ƙare. Haka "like" da "liƙe", ƙugiya ɗaya ce ta raba su.

Masu bin labarai kuma za su tuna watan Afrilun 2018, lokacin da wasu suka kutsa zauren Majalisar Dattawa a Abuja suka fita da sandar majalisa. Sunan sandar nan a Turanci "mace", ana furta ta "meis", kuma daga tsohon Faransanci ta shigo musu, asalinta kulki ne na yaƙi. Mai karatu da idon Hausa da ya ga kanun jaridun Turanci a ranar, zai iya ɗauka wata baiwar Allah aka sace a majalisa.

Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne na Swahili, kuma ɗalibai da 'yan kasuwa masu zuwa Kenya da Tanzaniya da Uganda ya kamata su san shi. Swahili ba dangin Hausa ba ne, cikin harsunan Bantu yake, amma shi ma gaɓoɓinsa baƙi da wasali ne, don haka karon yana da yawa. "Gari" a can mota ce, sun aro ta daga harsunan Indiya. "Kaka" yaya ne namiji. "Dawa" magani ne, daga Larabci. "Kuku" kaza ce. "Wake" kuma matan aure ne, kun ga wake ya samu ma'ana ta uku ke nan. Duk waɗannan da sauƙi. Amma "kuma", wadda Bahaushe ba ya jimla uku bai faɗe ta ba, a Swahili kalmar batsa ce mai nauyin gaske. Ba za mu fassara ta a nan ba, akwai iyayenmu da ƙannenmu a shafin. Abin da za mu ce kawai, in kana waya da gida a cikin motar haya a Nairobi ko Darussalam ka ga ana waiwayen ka, to ka san dalili, ka rage murya.

Zuwa nan duk misalan da muka kawo ma'anarsu ta sha bamban, don haka raba su ba wuya. Inda mutum ke faɗawa rami shi ne idan rubutu ya zo ɗaya, ma'ana ma ta zo kusa. Yana faruwa, ba da yawa ba, amma yana faruwa, kuma masana kimiyyar harshe suna da wani misali da suke yawan ba ɗalibai. A arewacin Queensland ta ƙasar Ostireliya akwai wani harshe na 'yan asalin ƙasar mai suna Mbabaram. Lokacin da masanin harshe R. M. W. Dixon yake tattara shi daga bakin 'yan tsirarun da suka rage masu jin sa, ya tambayi sunan kare, aka ce masa "dog". Daidai da Turanci, rubutu da ma'ana. Kowa zai ce aro ne, tunda ga Turawa sun cika ƙasar. Amma da aka duba harsunan maƙwabta sai aka ga suna cewa "gudaga" ko "guda", aka kuma ga Mbabaram yana da ɗabi'ar yar da gaɓar farko ta kalmomi da sauya wasali ta hanya sananniya. Wato "gudaga" ce ta gutsure a hankali ta koma "dog", ba tare da ta taɓa jin labarin Ingila ba.

Haka "mati" ta Girkancin yau, wadda ke nufin ido, da "mata" ta Malesiya mai nufin ido. Sun yi kama ƙwarai, amma ta Girka guntun wata tsohuwar kalma ce, "ommation", da kanta ya gutsure.

Mu ma muna da namu. Ku duba "sane". A Turanci mai cikakken hankali ke nan, wanda ba mahaukaci ba. A Hausa kuma muna cewa "yana sane ya yi", ko "ina sane da kai". Rubutu ɗaya, ma'ana kamar ta taɓa juna. Mai gaggawa sai ya ce ai mun ara, ko sun ara. To bari mu tambayi kowace ina danginta. "Sane" ta Hausa daga "sani" take, an gina ta kamar yadda aka gina zaune daga zauna, tsaye daga tsaya, kwance daga kwanta. Ga 'yan gidansu nan birjik: sani, sanarwa, masani, sananne, sanayya. Ta Turanci kuwa daga "sanus" ta Latin take, mai nufin lafiyayye. Kowace da gidan ubanta. A hanya kawai suka haɗu.

Ita ma "ido" ta Japananci, da muka ce rijiya ce, na san akwai wanda tuni zuciyarsa ta ce masa "ai mu ma muna cewa idon ruwa". Irin wannan 'yar gada da mutum ke ginawa da kansa ita ce matsalar. In dai an ba ka damar miƙa ma'ana yadda kake so, daga ido zuwa idon ruwa zuwa rijiya, to babu harsuna biyu a duniya da ba za ka iya ƙulla wa zumunta ba.

Sai "mama" da "baba", waɗanda ake yawan kafa hujja da su. Waɗannan nasu dalilin daban ne. Sautukan leɓe, m da b da p, tare da wasalin a, su ne jariri ke fara iyawa ko'ina aka haife shi, iyaye kuma sai su karɓe su a matsayin sunansu. Don haka ba gado ba ne daga wani harshe na farko, kowace al'umma tana sake ƙirƙiro su ne daga bakin 'ya'yanta. Hujja kuwa, ba kullum rabon ke zuwa ɗaya ba. A harshen ƙasar Jojiya "mama" uba ne, uwa kuma "deda". A Rashanci "baba" tsohuwa ce. Mu kanmu muna da baba namiji da baba mace, ga kuma baban rini.

Yanzu ga inda abin ya taɓa mu sosai, kalmar "boko". Shekara da shekaru ana rubutawa a littattafai da jaridun duniya cewa daga "book" ta Turanci aka aro ta. Ta yi kama, ma'ana ma kamar ta hau, tunda karatun boko da littafi ake yin sa. Amma a 2013 Farfesa Paul Newman, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya yi rubutu musamman a kan asalin kalmar, ya nuna cewa Bahaushiya ce tun kafin zuwan makarantun Turawa, kuma ma'anarta ta farko abin da ba na gaske ba, na yaudara ko na jabu. Wanda ya san al'adar biki ya san amaryar boko, wadda ake fitarwa a madadin amaryar gaskiya. Kakanninmu da suka ga sabon karatun da Nasara ya kawo, sai suka laƙaba masa sunan da ya nuna yadda suka ɗauke shi a lokacin. Ta fuskar sauti ma zancen aron bai tsaya ba. Kalmar "cook" da muka ara ta zama "kuku". Da mun ari "book", da wani abu mai kama da "buku" za a ji, ba "boko" ba. Kun ga yadda kamanni ya sa aka ƙwace wa Hausa kalmarta aka ba Turanci, aka kuma binne wani yanki na tarihin yadda mutanenmu suka karɓi wannan karatu.

Wannan ya kawo mu ga wata ƙa'ida da nake so kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Kalmar da aka aro da gaske ba kasafai take zama da kamanninta ba, sai Hausa ta yi mata wanka ta sa mata kayan gida. "Bucket" ta zama bokiti, "table" ta zama tebur, "bread" burodi, "driver" direba, "hospital" asibiti. Babu ɗaya da rubutunta ya zo daidai da na Turanci, domin da kunne aka are su, ba da ido ba. Saboda haka idan ka ga tsohuwar kalmar Hausa ta yi daidai da ta Turanci harafi da harafi, kamar wake ko rage, wannan daidaiton ma kansa alama ce cewa ba aro ba ne.

Na Larabci ma haka. Wa zai kalli "lokaci" ya ce "al-waƙt" ce? Amma ita ce. Lam ɗin "al" ta manne a gaba, "t" kuma ta koma "c" saboda "i" da ta biyo ta, kamar yadda mota ke zama motoci, sata ta zama sace. Swahili ya ari wannan kalma ya ce "wakati", Indonesiya suka ce "waktu". Littafi daga "al-kitab" yake, Swahili na cewa "kitabu". Labari daga "al-khabar", su suna cewa "habari", Indonesiya "kabar". Lafiya daga "al-afiya", su "afya". Ku duba da kyau: gari da gari, rubutu ɗaya amma ba su san juna ba. Lokaci da wakati, ba su yi kama ba amma uwarsu ɗaya. Akwai dai 'yan kaɗan da suka tsira da kamanninsu, irin su duniya, wadda za ka ji ta a Swahili da Indonesiya da Indiya da Turkiyya. Ita wannan mun san hanyar da ta bi, addini da fatauci ne suka kai ta.

To Hausa ba ta da dangi ke nan? Tana da su. Tana cikin harsunan Cadi tare da irin su Bolanci, Ngizim, Bade, Angas da Margi, su kuma reshe ne na babban gidan da ake kira Afro-Asiya, inda Larabci da Ibrananci da harsunan Buzaye da tsohon harshen Misira suke. Joseph Greenberg ne ya tabbatar da wannan rabo a shekarun 1950, ya kuma tattara shi a littafinsa na 1963. A kula, wannan ba ya nufin Hausa daga Larabci ta fito. Kaka ɗaya suka haɗa, can da nisa ƙwarai.

Hujjar da aka kafa kuwa ba jerin kalmomi masu kama ba ce kawai, ƙashin bayan nahawu ne, wanda ba a cika aron sa ba. Muna cewa ya tafi, ta tafi, Larabci na cewa yaktubu, taktubu: "y" ta namiji, "t" ta mace. Muna cewa gidanka, gidanki, suna cewa baituka, baituki. Muna sa ɗafa-goshin "ma" mu gina sunan wuri ko na kayan aiki, makaranta, mabuɗi, su ma suna da madrasa da miftah. Sai 'yan kalmomi na tushe, irin su huɗu, ko fuɗu a wasu kare-karen, wadda ake dangantawa da "fdw" ta tsohuwar Misira.

A nan ne za mu koma kan "māta" ta Larabci da muka ajiye tun farko. A rubutu ta yi daidai da mata, amma ba ruwanta da su. 'Yar uwarta ta jini a Hausa ita ce "mutu", tare da mutuwa, matacce da macewa. Wannan saiwa ta m da t tana nan a Ibrananci, tana nan a harsunan Buzaye, tana nan a tsohon harshen Misira, duk da ma'anar mutuwa. Sai ga Malesiya su ma suna cewa "mati" don mutuwa. Shin su ma 'yan gida ne? A'a. Harshensu ba shi da ya da ta, ba shi da ka da ki, ba shi da sauran alamomin gidan. Kalma ɗaya tilo ba ta shigar da harshe dangi.

Don haka in an sake turo muku irin wancan hoto, kafin ku tura gaba ku yi masa 'yan tambayoyi. Me kalmar ke nufi a can, ba tare da an ja ma'anar da ƙarfi ba? Yaya masu ita suke furta ta? Tana da 'yan uwa a cikin harshenta, kamar yadda sane ke da sani, share ke da shara, rage ke da ragi da ragowa? In an ce aro ce, ta wace hanya ta zo, yaushe mutanen biyu suka haɗu, a kasuwa ko a makaranta ko a barikin soja? Larabawa da Turawa da Barebari da Yarbawa da Fulani da Buzaye duk mun san inda muka haɗu da su. Japanawa kuwa, kafin zuwan rediyo da babur ɗinsu, a ina?

Bari mu gwada da guda ɗaya tare. Ɗalibanmu da ke karatu a Turkiyya sun san "kaza" a can hatsari ne, irin na mota, kuma daga "ƙada'u" ta Larabci suka samo ta. Kazarmu mai ƙwai ba ta san wannan zance ba. Amma muna da wata "kaza" ɗin, ta cikin "ya ce kaza da kaza", wadda ita daga "kaza" ta Larabci take, mai nufin kamar haka. Ke nan ta Turkiyya da tamu ta biyu duk daga Larabci suke, amma daga kalmomi biyu mabambanta. Babban birnin ƙasar kuma, Ankara, Girkawan da suna ce masa Ankira, wadda a harshensu ƙarfen nan ne da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi. Mu kuma muna da "ankara" ta cikin "ban ankara ba sai ga shi". Sannan Hausawan da suka saba fatauci zuwa Gana sun daɗe suna kiran birnin Accra da Ankara. Uku ke nan, rubutu ɗaya.

Masu zaune a wasu ƙasashe, ko masu jin Fulatanci, Zabarmanci, Kanuri ko Yarbanci, wace kalma kuka taɓa ji da ta yi daidai da ta Hausa amma ma'anarta daban? Ku rubuto mana ita da ma'anarta da yadda ake furta ta, sai mu bi su ɗaya bayan ɗaya mu ga wacce ce aro, wacce ce arashi.